Dattijo da Samari a Bakin Kwara: Bishop Crowther da Rikicin 1890

A watan Agusta na shekarar 1890, kwamitin kuɗi na mishan ɗin kogin Kwara ya zauna a Anacha. Mishan ɗin reshe ne na ƙungiyar yaɗa bishara ta Cocin Ingila, wadda aka fi sani da CMS. Shugaban zaman shi ne Bishop Samuel Ajayi Crowther, dattijo mai kimanin shekara 80, wanda ya kafa mishan ɗin da hannunsa shekara 33 kafin wannan rana. Gabansa kuwa wasu Turawa ne matasa, cikinsu har da Graham Wilmot Brooke mai shekara 25, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka naɗa Crowther bishop.

An kwana da yawa ana zaman. Turawan suka yi ta jero tuhume-tuhume a kan ma'aikatan mishan baƙar fata: wannan maƙaryaci ne, wancan mashayi, wani kasuwanci yake yi da sunan aikin Allah, wani kuma tubansa na baka ne. Sakataren mishan ɗin, F. N. Eden, ya sanar da dakatar da wasu limamai. Crowther ya tuna masa cewa a ƙa'idar cocin, bishop ne kaɗai ke da ikon dakatar da limamin da aka keɓe. Ba a saurare shi ba. Har ɗansa Dandeson Crowther, babban limamin da ke kula da majami'un yankin Neja Delta, Eden ya dakatar a gaban idon mahaifinsa. Dattijon ya ajiye shugabancin kwamitin. Bayan wata 16 ya rasu a Legas.

Masu tarihi sun daɗe suna karanta wannan zama a matsayin labarin wariyar launin fata da shigowar mulkin mallaka, kuma suna da hujja. Sai dai akwai wani ɓangare da ya fi shafar rayuwar Kirista kai tsaye. Waɗannan samari ba azzalumai ba ne irin na tatsuniya. Sun bar daula a gida, sun zo ƙasar da zazzaɓi ke kashe Turawa, kuma biyu daga cikin jagororinsu a Lakwaja aka binne su. Abin da ya ɓatar da su shi ne irin girman kan da koyarwar Kirista ta fi tsoro, wanda ke tsiro daga cikin ibada da sadaukarwa, mai shi yana ɗaukarsa kishin addini.

Kafin a fahimci nauyin abin da aka yi wa Crowther, sai an san ko wane ne shi. An haife shi wajajen 1809 a Osogun, cikin ƙasar Yarbawa. A 1821 mahara suka ƙone garin, suka kama shi da mahaifiyarsa da ƙannensa. Ya bi ta hannun iyayengiji da dama kafin a loda shi cikin jirgin 'yan Fotugal a Legas a 1822. Sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin, suka sauke bayin a Firitawun ta ƙasar Saliyo. A can aka yi masa baftisma a 1825, ya kuma zama cikin ɗaliban farko na kwalejin Fourah Bay a 1827. A 1841 ya shiga ayarin binciken kogin Kwara tare da Bajamushen nan J. F. Schön, wanda daga baya ya shahara da nazarin harshen Hausa. An keɓe shi limami a 1843. Da ya je aiki Abeokuta, sai ya haɗu da mahaifiyarsa bayan rabuwar kusan shekara 25. Shi ne ƙashin bayan fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, ya kuma rubuta littattafan koyon Nufanci da Ibo.

Mutumin da ya ɗaga shi shi ne Henry Venn, sakataren CMS a Landan daga 1841 zuwa 1872. Venn yana da ra'ayin cewa aikin ɗan mishan shi ne ya kafa ikilisiya mai ciyar da kanta, mai mulkin kanta, mai yaɗa kanta, sannan ya tattara nasa ya nasa ya ƙara gaba. Don haka mishan ɗin Kwara da aka buɗe a 1857 kusan duk ma'aikatansa 'yan Afirka ne, galibi 'ya'yan bayin da aka 'yanta a Saliyo. Ranar 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa Crowther bishop a babbar majami'ar Kantabari, baƙar fata na farko da ya hau wannan matsayi a Cocin Ingila. Shi kansa ya yi ta ja da baya, yana cewa a nemi wani. Wasu Turawan mishan na ƙasar Yarbawa, musamman Henry Townsend, ba su ɓoye ƙiyayyarsu ga naɗin ba, don ba za su iya zama ƙarƙashin baƙar fata ba. Aka yi sulhu irin na jeka-na-yi-ka: aka ba shi yankunan da ke wajen ikon Ingila, aka bar wuraren da Turawa ke aiki a hannun bishop Bature. Ya karɓa bai yi ƙorafi ba.

Tawali'un Crowther ba halitta ba ce kawai, koyonsa ya yi, kuma shi da kansa ya ba da labarin inda ya koya. Yana matashin malamin makaranta a Saliyo, wata rana ya ga laya a wuyan wani yaro ɗan Musulmi, ya tsinke ta, ya ce a mayar gida. Uban yaron ya zo a fusace. Crowther ya nemi a yi muhawara, ya zo da littattafansa da hujjojinsa a shirye, yana jin zai kayar da kowa. Aka watse babu wanda ya gusa ko taku ɗaya. Daga nan ya gane cewa cin nasarar gardama daban, samun zuciyar mutum daban. Wannan darasi ne ya ɗauka zuwa ƙasar Nufe. Ya riƙa kai gaisuwa fadar Etsu Masaba a Bida, yana neman izini kafin ya kafa tasha, yana ba da kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci. A fadar Sarkin Ilori a 1872, da aka yi masa tambayoyi masu wuya a kan Almasihu, sai ya buɗe littafinsa ya karanta abin da ke ciki, bai zagi kowa ba, aka rabu cikin mutunci. Amincin da ya samu ya kai ga cewa a tsakiyar shekarun 1880, da barasar Turawa ta addabi ƙasar Nufe, Etsu Maliki wurinsa ya aika da kuka, yana roƙon ya isar wa Sarauniyar Ingila a hana shigo da ita. Sarki Musulmi ya ga bishop ɗin Kirista a matsayin dattijon da za a iya kai wa ƙara.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa mishan ɗin na da ɓaraka, kuma ba ƙarama ba. Tashoshinsa sun warwatsu daga Boni da Brass a bakin teku har Lakwaja da gaba, bishop kuwa yawanci a Legas yake zaune, sai ya jira jirgin 'yan kasuwa kafin ya kai ziyara. Albashi kaɗan ne, yakan kuma makara, saboda haka wasu ma'aikata suka shiga saye da sayarwa. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Anacha a 1877, inda wasu mutum biyu masu alaƙa da mishan ɗin suka azabtar da wata yarinya har ta mutu, ba a kuwa hukunta su ba sai a 1882, a wata kotu a Firitawun. Labarin ya kai majalisar dokokin Ingila. Crowther mutum ne mai jinkirin yanke hukunci. Ba ya korar ma'aikaci bisa jita-jita sai an kawo shaida, kuma ko an kawo, ya fi son ya ja kunne ya sauya wa mutum wurin aiki. Wani lokaci wannan haƙuri ne na uba, wani lokaci kuwa sakaci ne da ya bar raunana a hannun miyagu. Wanda duk zai yabi sauƙin kan Crowther dole ya haɗa da wannan a lissafi.

Zamani kuma ya juya masa baya. Venn ya rasu a 1873. George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila na kogin a 1879, ya samu takardar izinin sarauta a 1886, ya shiga ture 'yan kasuwa baƙar fata, waɗanda da yawansu 'yan uwan ma'aikatan mishan ne. Maganin kwinin ya sa Bature na iya rayuwa a bakin Kwara, don haka hujjar da ta sa aka dogara da 'yan Afirka tun farko ta raunana. A Ingila ma ra'ayin fifikon farar fata ya samu rigar kimiyya.

Cikin wannan yanayi samarin suka iso. Brooke ya fara karatun likita, amma labarin Janar Gordon, wanda aka kashe a Khartum a 1885, ya cika masa zuciya da burin kai bishara “Sudan”. A bakin Turawan lokacin, Sudan na nufin duk faɗin ƙasar da ke kudu da Sahara tun daga Senigal har kogin Nilu, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiyarta. Ya gwada shiga ta Aljeriya, ya gwada ta Senigal, ya gwada ta Kwango, duk bai samu hanya ba, sai ya juyo ta Kwara. A nan ya haɗu da John Alfred Robinson, wanda ya yi karatu a Kambirij, yake kuma riƙe da sakatarcin mishan ɗin tun 1887. Su biyun suka jagoranci ayarin da aka kira na Sudan, wanda ya sauka Lakwaja a 1890 da niyyar wucewa Kano da Sakkwato. Tarbiyyarsu ta addini ta fito ne daga farkawar da ake dangantawa da taron Keswick, wanda aka fara a 1875, mai koyar da cewa mai bi na iya miƙa kansa ɗungurungum har ya yi nasara a kan zunubi a wannan rayuwa.

A zahiri babu wanda ya kai su ƙanƙan da kai. Sun ajiye kwat da wando, sun sa riga da rawani. Sun duƙufa koyon Hausa. Sun zaɓi cin abincin gari da zama a gidaje irin na mutanen gari. Sun ma bayyana cewa ba sa son kariyar gwamnatin Ingila, domin kada su fi wanda zai karɓi saƙonsu a ƙasar Musulmi tsaro. Wannan ba ƙaramar jarumtaka ba ce. Amma tufafin da suka sa ya zama ma'aunin da suke auna kowa da shi. Limamin Saliyo mai kwat da takalmi, wanda iyayensa suka fito daga cikin jirgin bayi tsirara, wanda kuma sutura da karatu suka zame masa shaidar 'yanci, sai suka gan shi a matsayin mai son duniya. Abin mamaki ne Bature ɗan gata ya zo ya koya wa ɗan bawa talauci. Shi Brooke in ya ga dama gobe zai koma gida ya tarar da gadonsa. Mutumin da yake zargi ba shi da inda zai koma.

Suka fara da ikilisiyar Lakwaja, suka hana mafi yawan mabiyanta cin Jibin Ubangiji, suna cewa sai an tsarkake ta. Makarantar horar da ma'aikata da Crowther ya sha wahalar ginawa a garin, suka ce ta cika ƙawa, aka rufe ta, ginin ya koma hannun kamfanin Goldie. Henry Johnson, babban limamin yankin, masanin da ya je har Falasɗinu ya karanci Larabci, ya kuma yi fassara zuwa Nufanci, aka kawar da shi daga wurin. Mutanen da ba su cika shekara a ƙasar ba, ba su kuma iya harshenta sosai ba, suka zauna suna tantance wanda tubansa na gaskiya ne da wanda nasa na ƙarya ne.

Littafin da suke ɗauke da shi ya yi gargaɗi a kan wannan sarai. A Linjilar Luka, sura 18, akwai misalin mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a, Bafarisiye da mai karɓar haraji. Abin lura a misalin shi ne Bafarisiyen bai yi ƙarya ba: yana azumi da gaske, yana ba da zakka da gaske, kuma mai karɓar harajin mai zunubi ne da gaske. Laifinsa shi ne ya mai da nagartarsa tudun da zai hau ya hango na wani. A Matiyu, sura 13, bayin mai gona sun nemi izinin tuge ciyawar da ta tsiro cikin alkama, ya hana su, don kada su tuge da alkamar. Ikilisiyar Afirka ta Arewa ta taɓa rabuwa a kan irin wannan batu a ƙarni na 4 da na 5, lokacin da mabiyan Donatus suka dage cewa cocin tsarkaka zalla suke so, Augustine na Hippo kuma ya yi ta jawo musu wannan misali na gona. Fafaroma Gregory na Farko, wanda ya rasu a 604, ya sa girman kai a matsayin uwar sauran zunubai, kuma malaman wannan tafarki sun daɗe da lura cewa sauran zunubai a cikin mugun aiki suke samun abinci, shi kuwa wannan har cikin kyakkyawan aiki yana ƙiba. Mashayi ya san yana sha. Mai fahariya da tsarkinsa yakan kwana yana tsammanin hidima ya yi wa Allah.

Saboda haka tambayar ko tuhumar da aka yi a Anacha gaskiya ce ba ta warware zancen. Wasu gaskiya ne, wasu ƙari, wasu kuma tsegumin 'yan kasuwar da ke da tasu manufa. Mai neman gyara da sauƙin kai zai tambayi dattijon da ya shekara 33 a kogin abin da ya sa ya bar wane a kan aiki, zai saurari wanda ake zargi, zai kuma yi zaton shi ma yana iya kuskure. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Samarin sun ɗauki haƙurin Crowther rauni ne, ladabinsa ga sarakuna kuma tsoro.

Yadda ya amsa shi ne abin da ya fi wahalar hukuntawa. Bai yi zagi ba, bai kira magoya bayansa su fice daga cocin ba, alhali Legas a lokacin tana tafasa, kuma kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta tsaga ikilisiyar gida biyu. Ya rubuta wa Landan bayaninsa cikin natsuwa, ya nuna cewa in ana ganin wasu sun fi shi iya aikin, a shirye yake ya ba su wuri. Akwai masu ganin wannan biyayya ta yi yawa, cewa tsohon bawan da CMS ta raina bai taɓa iya ɗaga murya a gabanta ba, kuma shirunsa ya bar ma'aikatansa ba mai kare su. Zargin na da ƙamshin gaskiya. Amma ba daidai ba ne a ce ya miƙa wuya gaba ɗaya. A kan ikon bishop ya tsaya ƙyam a gaban Eden. A watanninsa na ƙarshe kuma ya amince da shirin majami'un Neja Delta na su tsaya da ƙafafunsu, su riƙa biyan limamansu, ba tare da sun fita daga Cocin Ingila ba, duk da cewa Landan ta so a jinkirta. Abin da ya ƙi yi shi ne ya mai da rikicin na kare martabar kansa.

Hedikwatar CMS ta sassauta wasu daga cikin hukunce-hukuncen, amma ba ta mayar da ragama hannun 'yan Afirka ba, kuma mafi yawan ma'aikatan da Crowther ya tara sun bar aikin. Robinson ya rasu a Lakwaja a watan Yuni na 1891. Crowther ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, ya cika ranar 31 ga Disamba na wannan shekara. Brooke ya bi su a watan Maris na 1892, yana da shekara 27, zazzaɓin nan mai baƙanta fitsari ya kashe shi. Ayarin Sudan ya watse bai taka ƙasar Hausa ba. Sai a 1900 wani ayarin CMS ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, da Dokta Walter Miller a cikinsa, ya isa Kano ba tare da gayyata ba, Sarki Alu kuwa ya sallame su cikin 'yan kwanaki.

Duk da haka wahalar samarin ba ta tafi a banza ba, kuma masu karatun Hausa na da rabo a cikinta. Robinson ya bar fassarar Linjilar Matiyu da Hausa. Don tunawa da shi aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, wadda ta turo ɗan'uwansa Charles Henry Robinson har Kano a tsakiyar shekarun 1890. Shi ne ya fitar da ƙamus ɗin Hausa da Turanci a 1899, ya kuma koyar da harshen a Kambirij.

Majami'un Neja Delta sun ƙaddamar da cin gashin kansu a watan Afrilu na 1892 ƙarƙashin Dandeson, wanda ya rayu har 1938. Kujerar mahaifinsa kuwa Bature aka ba, J. S. Hill, sannan Tugwell, aka riƙa naɗa 'yan Afirka mataimaka kawai. Sai a farkon shekarun 1950 baƙar fata ya sake riƙe cikakkiyar kujerar bishop ta Cocin Ingila a Nijeriya, wato bayan shekara 60.

Cikin Turawan da suka zo a 1890 akwai ɗaya da ya daɗe har ya ga abin da idonsa bai gani ba da farko. H. H. Dobinson ya goyi bayan tsarkakewar, amma ya ci gaba da zama a Anacha, ya koyi harshen Ibo, ya ɗanɗani irin wahalar da mutanen da aka kora suka yi shekaru suna sha. A hankali ya gane cewa an zalunce su. Bai tsaya ga nadama a zuci ba, ya tashi a gaban jama'a a Legas da Firitawun ya nemi gafara, ya kuma koma yana kira da a ba 'yan Afirka jagoranci. Ya rasu a bakin Kwara a 1897. Ita kuwa uwar cocin, sai a 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗin Crowther, a majami'ar Kantabari inda aka ɗora masa hannu, Babban Bishop Justin Welby ya tsaya ya amsa cewa an ci amanar dattijon, ya bayyana kunya da tuba a madadin Cocin Ingila.